Kujera ta Biyu: Abin da Mazaunin Kalma Yake Faɗa a Harshen Suwidin

Kowane harshe yana da mashigar da yake tare baƙo. Larabci yana tare shi da i'irabi, Faransanci da sarrafa aikatau, Hausa kuwa da karin sauti da tsawon wasali, abubuwan da ba ma rubutawa amma muke jin kuskurensu nan take. Suwidanci, harshen mutane kimanin miliyan 10 a ƙasar Suwidin da wasu sassan Finlan, da fara'a yake soma karɓar mai koyo. Aikatau ɗinsa ba ya sauya siffa saboda mai aikin: *jag kommer*, *du kommer*, *vi kommer*, *de kommer*, wato ina zuwa, kana zuwa, muna zuwa, suna zuwa, kalma guda ce take yi wa kowa hidima. Wanda ya riga ya iya Ingilishi ko Jamusanci zai tarar da ɗimbin kalmomin da ya san danginsu. Sai tafiya ta miƙa mutum yake gane cewa rangwamen da harshen ya yi masa a jikin kalma, a wurin jera kalmomi yake fanshewa.

Na daɗe ina bibiyar wannan fanni na nahawun Suwidanci, kuma abin da ya riƙe ni a kansa ya wuce sha'awar ƙa'ida. A wannan harshe, mazaunin 'yar ƙaramar kalma irin *inte*, wadda da ita ake korewa, yana iya nuna ko mai magana ya tsaya a bayan abin da ya faɗa ko kuwa ambatonsa kawai ya yi. Yana nuna ko daga baki jimla ta fito ko daga alƙalami. Haka kuma jerin kalmomi, a kunnen 'yan ƙasa, yana nuna ko mai maganar ɗan gida ne ko ɗan zuwa. Wannan na ƙarshen shi ne mai tsada, domin da irin wannan shaida ake auna mutum a ɗakin jarrabawa da wurin neman aiki, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar a waje aka haife shi.

## Dokar kujera ta biyu

Mu ɗauki jimla kamar zauren taro mai jerin kujeru. A jimlar bayani ta Suwidanci, kujera ta biyu ta aikatau ce, wato aikatau mai ɗauke da lokaci, kuma ba ya bar wa kowa ita. Kujerar farko kuwa a buɗe take, kusan kowa yana iya zama a kanta, da sharaɗin kada a zauna biyu-biyu. Ga misalai uku da kalmomi iri ɗaya:

*Anna läser tidningen på morgonen.* Anna tana karanta jarida da safe.

*På morgonen läser Anna tidningen.* Da safe, Anna tana karanta jarida.

*Tidningen läser Anna på morgonen.* Ita jaridar, Anna tana karanta ta da safe.

A dukkan jimlolin uku, *läser* bai motsa ba. A ta biyu, da “da safe” ya rigayi Anna zama a gaba, dole ta zagaya ta zauna a bayan aikatau, har jimlar ta zama kamar a ce “da safe karanta Anna jarida”. Girman abin da ya zauna a kujerar farko ba ya sauya komai. Ganga sukutum tana iya zama a wurin, a lissafa ta abu ɗaya: *När regnet slutade gick vi hem*, da ruwa ya ɗauke muka tafi gida, amma a jere shi ne “da ruwa ya ɗauke, tafi mu gida”. Suwidanci bai keɓanta da wannan doka ba. Jamusanci da harsunan Holan, Danmak, Norwe da Aisilan duk suna da ita. Ingilishi ma ya taɓa bin irinta, ya sake ta tun ƙarnonin baya, sai ɓurɓushi a wasu 'yan jimloli.

Wanda ya tsara wannan zaure a takarda yadda ake koyar da shi yau shi ne Paul Diderichsen, masanin harshe ɗan Danmak, a littafinsa na nahawun harshen ƙasarsu da ya fito a 1946. Ya zana jimla a matsayin jadawali mai gurabe, malaman Suwidin da Norwe suka ara suka ɗora a kan nasu harsunan. Bayan kujerar farko da ta aikatau, sai gurbin aikau idan ba shi ne a gaba ba, sai gurbin wani rukunin bayanau, sai sauran aikatau marasa ɗauke da lokaci, sai karɓau, sai wani rukunin bayanau a ƙarshe.

Rabuwar bayanau gida biyu ita ce jigon al'amarin. Akwai masu faɗin yadda aka yi aiki, da inda aka yi shi, da lokacin da aka yi shi. Waɗannan a ƙarshen jimla suke taruwa, kuma galibi a wannan jerin: *Hon arbetade hårt i Malmö i fjol*, ta yi aiki tuƙuru a Malmö bara. Bahaushe ba zai sha wahala a nan ba, domin fassarar ma ta bi sahun asalin kalma bayan kalma. Rukuni na biyu su ne masu yin hukunci a kan jimlar ɗungurungum: *inte* mai korewa, *aldrig* (daɗai), *alltid* (kullum), *kanske* (wataƙila), *tyvärr* (abin takaici). Su a tsakiyar jimla suke zama, a maƙwabtaka da aikatau. Tambayar da take raba gardama ita ce, a gabansa ko a bayansa?

## Inda *inte* take zama

A ganga tsayayya, wadda take iya zama jimla da kanta, *inte* a bayan aikatau take: *Han kommer inte*, ba zai zo ba. Da zarar an rataya wannan magana a jikin wata, ta zama ganga dogarau, sai *inte* ta tsallaka gaba: *Jag vet att han inte kommer*, na san ba zai zo ba. Haka abin yake bayan *eftersom* (saboda), *om* (idan), *när* (lokacin da) da *som* (wanda), kuma haka sauran 'yan rukunin suke yi: *Hon har aldrig varit i Kiruna*, ba ta taɓa zuwa Kiruna ba, amma *att hon aldrig har varit i Kiruna*. Duk wanda ya zauna a ajin SFI, darussan Suwidanci da ƙananan hukumomi suke bai wa baƙi manya kyauta, ya haddace kalmar BIFF. Haruffan farko ne na wata 'yar jimlar tuni da take cewa a ganga dogarau *inte* tana gaban aikatau mai ɗauke da lokaci. A Suwidanci *biff* nama ne, abin da ya sa sunan yake zama a ka.

Mai koyo yakan ɗauki wannan a matsayin neman wahala kawai, har sai ya ga aikin da jerin yake yi. Akwai kalmomin da suke da fuska biyu, kuma jeri ne kaɗai yake bambanta su. *Då kom han* yana nufin “sai ya zo”, magana ta cika. *Då han kom* yana nufin “da ya zo”, mai sauraro yana jiran ci gaba. *Sedan gick jag hem*, daga nan na tafi gida. *Sedan jag gick hem*, tun da na tafi gida, sai me ya faru? Wanda ya sauya jerin a nan ya buɗe ƙofa ya bar ta a buɗe, kunnen ɗan ƙasa kuma yana tsaye yana jiran wanda zai shigo.

Mu ma muna da irin wannan alama, sai dai a wani wuri muka ajiye ta. A daidaitacciyar Hausa muna cewa “baƙi sun zo jiya”, amma “baƙin da suka zo”, da “jiya ne baƙi suka zo”. Muna cewa “suna aiki a Kano”, amma “a Kano suke aiki”. Da zarar an jawo wani abu gaba don a ƙarfafa shi, ko an rataya magana a jikin suna, “sun” yakan koma “suka”, “suna” ya koma “suke”. Kuma “da sun zo” daban yake da “da suka zo”, na farko bai faru ba tukuna, na biyu ya wuce. Babu Bahaushen da ya koyi wannan a allo, amma idan baƙo ya ce “jiya ne sun zo”, kafin ya rufe baki mun san baƙo ne. Abin da Hausa take yi da siffar lamirin lokaci, Suwidanci da mazaunin kalma yake yinsa.

Shi ma wannan tsari na ganga dogarau bai zo tare da harshen tun asali ba. A tsofaffin rubuce-rubuce, irin dokokin larduna na ƙarni na 13, kalmar korewa takan biyo bayan aikatau a ganga dogarau. Tsarin yau a ƙarni na 16 da na 17 ya kankama, a daidai zamanin da ɗab'i da fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1541 suke kafa harshen rubutu. Harshen Aisilan, wanda ya fi sauran danginsa riƙon tsohon gado, har gobe aikatau yake sa wa gaba a irin wannan ganga.

Akwai wani ɗan motsi kuma da ya cancanci a tsaya a kansa. Ana cewa *Jag såg inte Erik*, ban ga Erik ba, amma *Jag såg honom inte*, ban gan shi ba. Wakilin suna mara nauyi yakan tsallake *inte* ya manne wa aikatau. Idan aka bar shi a baya, *Jag såg inte honom*, musamman aka danna murya a kansa, ma'anar takan karkata zuwa “ba shi na gani ba”, wani ne daban. Sai dai tsallaken yana da iyaka: a *Jag har inte sett honom* ba ya yiwuwa, domin babban aikatau *sett* yana tsaye a tsakani, wakilin suna kuwa ba ya wuce aikatau ɗinsa. Anders Holmberg ne ya fayyace wannan sharaɗi a kundin digirinsa na uku a 1986, masana ginin jimla kuma da sunansa suke kiran ƙa'idar har yau. A magana, murya tana taimakawa wajen nuna abin da aka ƙarfafa. A rubutu babu murya, mazauni ne yake ɗaukar kayan duka.

## Abin da baki yake yi a bayan littafi

Wanda ya haddace BIFF ya fita titi zai ji abin da zai ba shi mamaki. 'Yan ƙasa, masu ilmi da marasa shi, sukan ce *Hon sa att hon tänker inte betala*, ta ce ba za ta biya ba, da *inte* a bayan aikatau, alhali ga *att* nan a gaba. Sukan ce *Jag stannar hemma för att jag mår inte bra*, zan zauna a gida domin ba na jin daɗi. Har sukan jawo karɓau gaba a cikin gangar: *Hon sa att den filmen hade hon redan sett*, ta ce wannan fim ɗin kam ta riga ta gani. Malamin makaranta zai ja wa irin *tänker inte* da *mår inte* ɗin nan jan layi a takardar ɗalibi, ya dawo ɗakin malamai ya furta irinsu bai sani ba.

Wannan karya doka tana da tata dokar. Lars-Gunnar Andersson ya nazarci al'amarin a kundinsa na 1975, kuma babban nahawun Majalisar Harshe da Adabi ta Suwidin, mai juzu'i huɗu, wanda Ulf Teleman da Staffan Hellberg da Erik Andersson suka fitar a 1999, ya ba shi gurbinsa. Jerin ganga tsayayya yana shiga bayan *att* ne a inda abin da ke cikin gangar shi ne ainihin saƙon, abin da wani yake tabbatarwa. Shi ya sa ake jinsa bayan aikatau irin “ce”, “ɗauka” da “gane”. Ba a jinsa bayan “yi nadama” ko “musanta”. Ɗan Suwidin zai ce *Jag ångrar att jag inte åkte*, na yi nadamar rashin tafiyata, kuma ko a hirar shan gahawa ba zai mayar da *inte* baya ba, domin rashin tafiyar ba labari ba ne, abu ne da aka riga aka sallama, nadamar ce labarin. Haka ba a jinsa bayan *om* na sharaɗi, domin mai gindaya sharaɗi bai tabbatar da komai ba.

A ganina wannan shi ne wuri mafi ban sha'awa a duk nahawun. Rubutu yana duba siffar ganga: tana da mahaɗi a gaba, to dogarau ce, a bi BIFF. Baki yana duba nauyin magana: wannan shi ne abin da nake so ka ji, don haka zan ba shi jerin magana mai tsayuwa da ƙafarta, ko da a jikin wata na rataya shi. *Hon sa att hon inte tänker betala* rahoto ne a natse. *Hon sa att hon tänker inte betala* kusan muryar matar kake ji, da taurin kanta.

Ita kanta kujera ta biyu baki yakan yi mata kutse. A magana, bayan bayanau na farkon jimla, ana yawan cusa *så*: *I går så regnade det*, jiya dai an yi ruwa. Wannan *så* ba ta ƙara ma'ana, hutu take ba mai magana da mai sauraro kafin a shiga jimla. A rubutu ana karɓarta bayan doguwar gangar sharaɗi, amma bayan “jiya” edita zai goge ta. Sai *kanske*, wadda take zama kusan inda ta ga dama: *Han kommer kanske*, *Kanske kommer han*, *Kanske han kommer*, har da *Han kanske kommer*, inda aikatau ya koma na uku ƙiri-ƙiri. Dalili yana cikin tarihinta. Daga *kan ske* ta fito, wato “yana iya faruwa”, kamar dai yadda namu “mai yiwuwa” ya fito daga “yiwu”. Akwai aikatau a cikin jininta, shi ya sa harshen yake barinta ta zauna a kujerar aikatau. Haka *bara* (kawai) takan shiga gaban aikatau idan shi ake nunawa: *Hon bara skrattade*, ita dai dariya kawai ta yi.

Sannan ga ƙananan kalmomin da suke tuna mini da waɗanda ake kira gishirin Hausa, irin su dai, fa, kam, ma da kuwa. *Det är ju måndag*, ai yau Litinin ce, ka sani na sani. *Du kommer väl?* Za ka zo dai ko? *Han kommer nog*, ina jin zai zo. Idan sun haɗu da *inte* su ne a gaba: *Det är ju inte sant*, ai ba gaskiya ba ne. *Ju* ba ta zama a kujerar farko ko kaɗan. *Nog* tana zama, amma sai ta sauya hali: *Nog kommer han* ya fi kusa da “zuwa kam zai zo”. Kalma guda, a tsakiya tana shakka, a gaba tana bugun ƙirji. A arewacin Suwidin da wajen masu Suwidanci na Finlan, *inte* ma takan buɗe jimla, wani lokaci ta sake rufe ta: *Inte är det farligt inte*, ba wani abin tsoro ba ne. Bahaushe zai yi murmushi a nan, ya tuna da nasa “ba” na farko da “ba” na ƙarshe.

## Laifin alƙalami

Kada mai karatu ya ɗauka baki ne kaɗai yake fita daga layi. Rubutu ma yana da tasa ɓarnar, sai dai shi a cikin doka yake yin ta. Gurbin tsakiyar jimla, wanda a magana 'yan gajerun kalmomi ne suke zama a ciki, harshen ofis ya mayar da shi rumbu. Ga irin jimlar da nake nufi: *Nämnden har vid sammanträde den 3 mars efter hörande av sökanden beslutat att avslå ansökan.* A jere, “kwamiti ya, a zaman 3 ga Maris, bayan sauraron mai nema, yanke shawarar ƙin amincewa da buƙatar”. Babu ƙa'idar da aka karya, *har* yana kujerarsa ta biyu. Amma mai karatu, wanda wataƙila makomar iyalinsa ce a cikin takardar, sai ya ratsa kalmomi tara kafin ya iso ga abin da kwamitin ya yi, sannan ya ƙara tafiya kafin ya ji an ƙi. Babu mai magana haka da bakinsa, domin numfashi ba zai kai ba.

Mutanen Suwidin sun daɗe suna yaƙi da wannan salo, wanda ake danganta shi da tasirin Latin da Jamusanci a kan tsofaffin ma'aikatun gwamnati. Erik Wellander ya soki nauyinsa a littafinsa na gyaran harshe na 1939, yunƙurin sauƙaƙa harshen hukuma kuma ya ci gaba har ya shiga doka. Dokar harshe ta 2009, wadda ta ayyana Suwidanci a matsayin babban harshen ƙasa, ta wajabta cewa harshen hukumomi ya zama gyararre, mai sauƙi, wanda ake fahimta. Daga cikin shawarwarin da masu gyaran harshe suke bayarwa akwai wannan: kada a raba aikatau biyu da dogon bayanau, a kai shi ƙarshe ko a ba shi jimlarsa. *Nämnden avslår din ansökan*, kwamiti ya ƙi buƙatarka, sannan ranar da dalilin su biyo baya. Wato a wannan fage rubutu ne ake roƙo ya koyi ladabi daga baki. Duk wanda ya taɓa fama da takardar hukuma da aka fassara zuwa Hausa kalma bayan kalma ya san ciwon.

## Kuskuren da kunne yake ji

Yanzu mu jera abubuwan da muka gani. Ɗan ƙasa yana saɓa wa BIFF bayan *att*, yana cusa *så*, yana tura aikatau kujera ta uku da *kanske* da *bara*, babu mai ɗaga kai. Amma akwai saɓani guda da ba a yafewa: *I går jag var i stan* a maimakon *I går var jag i stan*, jiya ina cikin gari. Babu wanda zai kasa fahimtar jimlar. Duk da haka ita ce tambarin “Suwidancin baƙi”, ita masu barkwanci suke kwaikwaya, ita marubuta suke sa wa a bakin ɗan gudun hijira.

Binciken koyon harshe ya nuna dalilin da ya sa take da naci. Kenneth Hyltenstam, a nazarinsa na 1977 kan baƙi manya masu harsunan asali daban-daban, ya ga suna bin hanya kusan iri ɗaya wajen koyon mazaunin *inte*, kuma ganga dogarau ce zangon ƙarshe. Manfred Pienemann da Gisela Håkansson sun tsara matakan a 1999: mai koyo yana farawa da aikau, aikatau, karɓau, daga nan ya iya jawo bayanau gaba ba tare da juya aikau ba, sannan ya iya juyawar, sai daga ƙarshe jerin ganga dogarau. Ke nan *i går jag var* zango ne a kan hanya, wanda ya kai gare shi ya ci gaba ne daga inda yake. Su biyun tare da Susan Sayehli sun ba da rahoto a 2002 cewa 'yan makarantar Suwidin masu koyon Jamusanci su ma suna yin irin wannan kuskure, alhali harsunan biyu doka ɗaya suke bi. Ute Bohnacker ta ƙalubalanci fassarar sakamakon, ta nuna cewa Ingilishin da yaran suka riga suka koya yana da hannu a ciki. Ko wane ɓangare aka bi, darasin da na ɗauka guda ne: juya aikau abu ne mai wuya ga ƙwaƙwalwar mai koyo, har da ta ɗan Suwidin idan ya fita daga harshensa.

Labarin 'ya'yan baƙin da aka haifa a ƙasar daban ne. A unguwannin da aka gina ƙarƙashin shirin gidaje miliyan na 1965 zuwa 1974, irin Rinkeby a Stockholm da Rosengård a Malmö, wani salon magana ya tashi a bakin matasa, wanda Ulla-Britt Kotsinas ta soma nazarinsa a shekarun 1980. Jama'a suka ɗauka cewa waɗannan yara ba su iya juya aikau ba. Natalia Ganuza, a kundinta na 2008 a Jami'ar Stockholm, ta bi maganganun matasa a Stockholm, Göteborg da Malmö, ta tarar cewa a mafi yawan lokuta suna bin dokar kujera ta biyu daram. Jerin da ba a juya ba yana fitowa ne jefi-jefi, ya fi yawa a hira tsakanin abokai, a tsakiyar labari mai zafi, sau da yawa bayan *sen*, kuma yana ja baya idan an koma rubutu. Wanda yake ɗaukar abu idan yana cikin abokai ya ajiye shi a gaban malami, ba za a ce bai iya ba. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take yi.

Jonas Hassen Khemiri ya gina littafinsa na farko, *Ett öga rött* na 2003, a kan wannan gaɓa. Halim, matashin da yake ba da labarin, da gangan yake rubuta kundin sirrinsa da karyayyen jeri, don ya ƙi zama irin ɗan Suwidin da ake so ya zama, kuma littafin yana barin alamun cewa ya iya daidaitaccen harshe sarai. Wasu masu sharhi a lokacin sun karanta shi a matsayin hoton yadda 'yan unguwannin suke magana. Sun ga jerin da suke tsammani, sai suka daina dubawa.

Ni dai ga inda na tsaya. Duk ɗan'uwan da zama ya kai shi Suwidin, likita ne ko injiniya ko ɗalibi, ina ba shi shawara ya ba kujera ta biyu da mazaunin *inte* lokacin da ya fi wanda yake ba haddar kalmomi. Ƙamus yana cike giɓin kalma cikin daƙiƙa, amma jeri sai ya zauna a harshe, kuma hanyar zaunar da shi ita ce maimaita jimloli cikakku da ƙarfi, kowace a soma ta da “jiya”, “gobe”, “a asibiti”, “idan ka zo”, har juyawar ta daina bi ta tunani. A takardar neman aiki da rahoton ofis, a bi littafi ba ragi. A hira kuma a saurari inda 'yan ƙasa suke sassautawa, domin wanda ya iya sa *ju* da *väl* a mazauninsu ya fi kusa da zama ɗan gari fiye da wanda ya haddace kalma dubu.

Amma ina so a riƙe ɗaya gefen ma. Kunnen da yake yafe *han kanske kommer* ya kama *i går jag var* ba da ma'aunin fahimta yake aiki ba, domin duka biyun aikatau na uku ne kuma duka biyun a fili suke. Yana yafe saɓanin da ya saba ji a gidansu, ya hukunta wanda ya zo da baƙuwar fuska. Wannan ba halin mutanen Suwidin kaɗai ba ne. Mu da muke da harshen da miliyoyin mutane suka koya a kasuwa da bariki da tasha, mun san irin kallon da muke yi wa wanda ya ce “jiya ne sun zo”, ko ya mayar da mace namiji a wakilin suna, ko da kuwa harshe huɗu yake ji mu muna jin biyu. Jerin kalmomi yana iya gaya maka inda mutum ya koyi harshe da shekarun da ya koye shi. Abin da yake cikin kansa kuwa, sai ka bari ya kai ƙarshen jimlarsa.